Daga Telemark zuwa Temet

Da zarar hunturu ya kama, buji ya rufe gari, kasuwannin bakin iyaka sukan canza kama. Daga Magariya zuwa Dungas, daga Mallawa har Maigatari a tsallaken Nijeriya, ƴan bosho su ne sarakunan lokaci. A cikin dilolin da suke kwancewa akwai manyan rigunan sanyi masu launi barkatai, da safar hannu mai kauri, da wani faffaɗan tabarau mai ɗamarar roba wanda ƴan kabu-kabu ke so domin tare ƙura. Mai sayarwa bai tambayi asalinsu ba, mai saye ma haka. Alhali da yawa daga cikinsu kayan zamiya ne a kan dusar ƙanƙara, waɗanda suka gama aiki a duwatsun Turai kafin su yi ritaya a nan. A bayansu kuwa akwai labarin yadda sunan wuri yake zama dukiya.

Telemark wani lardi ne mai duwatsu a kudancin ƙasar Norwe. A ƙauyen Morgedal na wannan lardi aka haifi Sondre Norheim a 1825, talaka ɗan talaka, mai noma gonar aro. Mutanen can sun daɗe suna ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, abin da Faransawa ke kira siki, domin zuwa itace ko ziyara idan ƙanƙara ta binne hanya. Aibin allunan shi ne da an karkata sai su suɓuce. Norheim ya murɗa saiwoyin itace ya zagaye diddige da su, ya kuma tsuke tsakiyar allon don ya riƙa juyawa cikin sauƙi. A 1868 ya tafi babban birnin ƙasar, Kiristiyaniya, wato Oslo ta yau, tafiyar kilomita wajen 200 a kan allunansa, ya shiga gasa yana da shekara 42, ya kada samarin birni.

Sirrin salon nasa a diddige yake. Tsinin takalmi ne kaɗai ke kafe a jikin allo, diddige kuwa sake yake, yana tashi yana sauka kamar na mai tafiya ƙasa. Idan mai zamiya zai sha kwana, sai ya tura ƙafa ɗaya gaba, ya russuna da gwiwar baya kamar mai gaida sarki. Daga baya masu zamiya a duwatsun Alpes suka kafe diddige gaba ɗaya, suka sami sauri, salon Telemark ya kusa shiga kundin tarihi. Samarin Amurka ne suka tono shi a shekarun 1970, musamman a jihar Kolorado. A da takalminsa na fata ne. Tun farkon shekarun 1990 kamfanin Scarpa na Italiya ya fito da na roba mai tauri, wanda ke lanƙwasa a daidai gindin yatsu.

Me ya sa suka tono shi? Saboda akwai masu ƙin filayen wasa da aka share, inda keken igiya ke ɗaukar mutum zuwa ƙololuwar dutse bayan ya biya kuɗi. Su waɗannan dawa suke nufa, inda ba hanya ba mai gadi, su hau da ƙafarsu. Mai sakakken diddige yana iya hawa. Amma allo mai santsi zai mayar da shi baya, don haka sai a manna masa wata doguwar fata a ƙasa wadda gashinta ya kwanta gefe guda: ta sulale gaba, ta cije idan za ta koma baya. Can da fatar wata dabbar teku ake sa wa. Yau zaren nailan ne ko gashin akuyar Angora, wadda Afirka ta Kudu ta fi kowa kiwonta don wannan gashi. Hawan awa huɗu ko biyar, saukar da ba ta kai rabin awa ba. A saman sai a ɓare fatar a cusa cikin jaka. Wanda ya saba noman rani zai ce wahala ce ta ƙoshi, kuma bai yi ƙarya ba ƙwarai.

Allo guda mai faɗi, wanda ake tsayawa kansa a karkace da ƙafa biyu, ƙane ne na baya-bayan nan. Wani Ba'amurke, Sherman Poppen, ya haɗa wa ƴaƴansa shi a 1965. Jake Burton ya mai da shi sana'a daga 1977. Ya shiga wasannin Olimpik a Nagano a 1998. Da yake ba a hawan dutse da shi, sai aka tsaga shi biyu a tsaye: a hau da shi kamar siki, a saman a ɗinke shi da ƙugiyoyi.

Kayan da suka fi muhimmanci ba su cikin dilar bosho. Dusar ƙanƙara kan taru hawa-hawa a gangaren dutse, wata rana hawan sama ya zame ya zaftaro, kuma galibin zaftarewar da ke binne masu zamiya nauyinsu ne ke tayar da ita. Duk wanda ya taɓa ganin rijiya ta rufta da mai haƙa a ƙasar rairayi ya san sauran zancen. Binciken da aka yi a Suwis ya nuna cewa tara cikin goma na waɗanda aka tono kafin minti 15 suna da rai. Bayan minti 35 ko kashi ɗaya cikin uku ba su cika ba. Ba a jiran ƴan agaji, abokan tafiya ne za su tono. Shi ya sa kowa ke rataye da ƴar na'ura mai aika sigina a mita guda da duniya ta yarda da ita, kilohaz 457, tare da sandar laluɓe mai naɗewa da shebur. Mai shiga dawa shi kaɗai, ko da kayansa na miliyan ne, ya ba wa dutse amanar ransa.

Norheim bai yi arziki ba. Ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1884, ya rasu a Dakota ta Arewa a 1897, kabarinsa ya daɗe ba ko alama. Lardinsa ne ya ci riba. Yau daga Japan har Ajantina duk mai russunawa a kan allo sunan Telemark yake faɗa, kuma sau uku ana kunna wuta ta wasannin Olimpik a Morgedal: 1952, 1960 da 1994.

A nan ne ya kamata fatake su yi shiru su yi tunani. Shekaru aru-aru ayari na ɗaukar jemammiyar fatar jar akuya ta ƙasar Hausa, irin ta Sakkwato da Maraɗi, ya ƙetare Sahara da ita, kuma Damagaram babban zango ce a hanyar Kano zuwa Tarabulus. Da fatar ta isa Turai sai ta zama "fatar Maroko". Da wannan suna aka yi wa littattafan sarakuna bango. Akuyar tamu, jimar tamu, sunan na wani. Majemar Birni tana nan tana aiki, amma mai sayen jakar fata a Paris bai san da ita ba.

Nijar ba ta da ƙanƙara, tana da rairayi. Tudun yashin Temet, a gefen duwatsun Ayar, yana kai tsawon mita wajen 300, kuma ana zamiya a kan yashi: a Swakopmund ta Namibiya da Huacachina ta Peru sana'a ce mai ciyar da gidaje. Yashi ya fi ƙanƙara riƙo, yana cin gindin allo, dole a goga kakin zuma ko makamancinsa kafin kowace sauka, amma ba ya bukatar lokacin sanyi. A zamanin da tseren Paris-Dakar ke ratsa ƙasar nan, jirage na sauke masu yawon buɗe ido, har an yi wani shago a Agadas da ke ba da hayar tsofaffin alluna da takalman zamiya da Turawa suka bari. Tawayen 2007 da sace-sacen baƙi da suka biyo baya sun kashe wannan kasuwa tun tana jaririya. Ofisoshin harkokin waje na Turai sun shafa wa taswirar arewa jan launi, suna hana mutanensu zuwa, kuma har yanzu ba su goge ba.