Shaidar Sinadari a Shari'ar Fyaɗe: Aikin da ke Jiran Masana Hausa

Daga cikin ƙararrakin fyaɗe mafiya wuyar tabbatarwa akwai wanda aka fara gusar da hankalin mace ta hanyar zuba mata magani a abin sha. Takan farfaɗo ba ta tuna abin da ya faru, don haka shaidar bakinta takan yi rauni. Jikinta kuwa yana riƙe da wata shaidar, amma ta ɗan lokaci ce.

Na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari ce ke karanta wannan shaida. Takan ɗora wa ƙwayoyin cajin lantarki, ta farfasa su, sannan ta jera ɓarɓashin gwargwadon nauyinsa. Kowane sinadari yana da tsarin ɓarɓashi nasa, tamkar zanen yatsa, ta haka ake gane shi ko da ƙanƙani ne a jini ko fitsari ko gashi. Sai dai lokaci ba ya jira. Sinadarin GHB yakan ɓace daga fitsari cikin kimanin awa 12, yayin da alamun Rohypnol kan kai kwanaki. Shi ya sa jagorar da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi da Laifuka ya fitar a 2011 ta ba da shawarar a ɗebi fitsari cikin awa 120.

A ganina, a nan harshe ya shigo. A ƙasar Hausa, kunya da tsoron tonon asiri kan sa iyali su kwana suna shawara, yarinya ta yi wanka, a wanke tufafinta, kafin a isa asibiti. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 ba za ta dawo da shaidar da ta riga ta zube ba. Uwa ba za ta yi gaggawa ba sai ta ji dalili a harshenta, ta rediyo ko daga bakin ungozoma.

Kotu ma tana buƙatar wannan bayani. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da ra'ayin ƙwararre, amma tafinta marar kalmomi zai gurɓata shi. Dole alƙali ya fahimci cewa na'urar tana nuna samuwar sinadari ne kawai, ba ta faɗin wanda ya zuba shi, kuma rashin samunsa ba ya nufin mai ƙara ta yi ƙarya.

Saboda haka ya kamata sassan nazarin Hausa su zauna da masana kimiyyar sinadarai da lauyoyi su daidaita waɗannan kalmomi, su kuma miƙa su ga asibitoci da kotuna da gidajen rediyo.