Ku daina goge ma mutane kwamfuta, laifin ba na Linux ba ne

Yau da masu gyaran kwamfuta da masu saida modem nike, kuma ba zan yi kwana-kwana ba.

Makon jiya ƙanena, ɗalibi nan Maraɗi, ya sayo ƙaramin modem ɗin nan da muke ce ma kile. Ya soka shi a tsohuwar kwamfutarsa mai Linux Mint, shiru, ba rezo. Da ya koma shagon, mai shago ko dubawa bai yi ba, ya ce: "Abin nan naka ba ya tafiya da modem, kawo jika biyar in sa maka Windows." Da yaron ya yarda, da an share mashi aikin shekara guda. Da dare na zauna da ita, kafin shayi ya nuna intanet ta kawo.

Ga abin da ke faruwa. Kile da yawa, irin na Huawei da ZTE, in ka soka su suna fara nuna kansu kamar faifan CD, don su girka manhajar Windows da ke cikinsu. Linux ba ya buƙatar wannan manhajar. Akwai ƙaramin shiri mai suna usb-modeswitch, aikinsa ya juya kile ya koma modem, kuma Ubuntu da Mint sukan zo da shi. Ka rubuta lsusb, in ka ga 12d1 Huawei ne, in 19d2 ne ZTE, ke nan kwamfuta ta gan shi. Saura abu biyu: ka cire lambar PIN ta sim a cikin salula, sannan ka sa APN. Ko Airtel kake, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, kowane da nashi APN. A wajen ƙanena APN ɗin ne kawai babu.

Shi ko babban akwatin gida mai Wi-Fi ba ruwansa da tsarin da ke kwamfutarka. Ka haɗa waya ko ka shiga Wi-Fi, ka buɗe 192.168.8.1 ko 192.168.1.1, yawanci an rubuta adireshin a ƙarƙashin akwatin. Abin dariya ma, galibin akwatunan nan Linux ne a cikinsu, haka Android ɗin da ke aljihun mai shagon.

Wani zai ce: "To malam, ai wani lokaci abin kan ƙiya." Gaskiya ne. Akwai katin Wi-Fi, irin wasu na Broadcom, da sai an sauko masu da direba. Amma maganin shi ne ka haɗa salularka da wayar USB, ka raba intanet, ka sauko da direban. Ba a rushe ɗaki don ƙofa ta cije.

Abin da ya sa na ɗau zafi: Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa ya cika 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 yana neman TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutocin da ke shigo mana na hannu da yawa ba su da shi. To mi kake sa ma talaka in ka goge mashi Linux? Windows na sata, wanda ba a toshe ɓarakarsa, ga ƙwayoyin cuta na yawo daga kile zuwa kile. Ka karɓi kuɗinsa, ka bar shi a fili.

Masu gyara, faɗin "ban iya ba" ba abin kunya ba ne, sai ƙarya. Ku koya, yini guda ya isa, kuma kasuwa ce ke jiran ku. Kamfanonin sadarwa, ku rubuta APN ɓaro-ɓaro a kwalin modem, ku sanar da wakilanku. Kai kuma mai kwamfuta, duk wanda ya ce sai an goge, ka ce ya fara rubuta lsusb a gabanka. In ya tsaya yana sosa ƙeya, ɗauki kayanka ka yi gaba.

Mutanen Damagaram, Tawa da Yamai, ku ma haka ake maku? Ku faɗa mana.