Mai Kemis, Ka Yi Tambaya Kafin Ka Karɓi Kuɗi



A kantunan magani da yawa, mai asma na miƙa kuɗi sai a miƙo masa Ventolin, ko uffan ba a ce masa ba. Mu a wurinmu wannan sakaci ne, domin mai kemis ya fi likita yawan ganin mara lafiyar.

Shuɗiyar inhela buɗe hanyar numfashi take yi na 'yan sa'o'i, ba ta kwantar da kumburin da ke ciki. Wannan aikin inhelar rigakafi ne, irin su beclometasone da budesonide. Tun 2019 hukumar GINA ta daina ba da shawarar manya su dogara da salbutamol shi kaɗai. Wanda ke ƙarar da gwangwani 3 a shekara yana cikin haɗari, likita yake bukata.

Me zai hana mai kemis ya tambaya: tari na tashin ka da dare? Sau nawa kake shaƙa a mako? Ƙurar hunturu, turaren wuta ko hayaƙin itace na tayar maka da shi? Aspirin ko ibuprofen fa? Sannan ya ce, "Shaƙa in gani," don da yawa a baki maganin ke tsaya musu.

Za a ce layi ya yi tsawo. Minti 3 ne ya fi ran mutum?

Mu kuma da ke sa jaruma ta shaƙa sau ɗaya ta miƙe garau, mu sani masu karatu na ɗauka haka abin yake. Mu rubuta mai kemis da ke tambaya.