Ra'ayinmu: In za a dawo da takarda, a rubuta dalili

A Minna akwai magidanta da aka yanke cibiyarsu a Limawa ko Unguwar Daji, suka yi aure a nan, suna da rumfa a Kasuwar Kure, amma a idon doka baƙi ne, don iyayensu da kakanninsu daga Maraɗi ko Damagaram suka zo. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 bai ɗauki wurin haihuwa kaɗai a matsayin hujja ba. Sai ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni ya kasance ɗan Najeriya. Wanda bai da wannan gatan, sashe na 27 ne ƙofarsa: zaman shekara 15, kyawun hali, da shaidar gwamnan jihar da yake zaune cewa jama'a sun karɓe shi, ya kuma saje da su. Daga nan takardu su bi ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a Abuja, shugaban ƙasa ya amince.

Ƙofar ba mai faɗi ba ce. Mutum 286 Shugaba Buhari ya bai wa shaidar zama 'yan ƙasa a 2022, sai 385 a watan Mayun 2023, a faɗin ƙasar nan baki ɗaya.

Ba mu ga laifin jami'in da ya dawo da takardun da ba su cika ba. Jihar Neja na da iyaka da Jamhuriyar Benin ta ɓangaren Borgu, ga abin da 'yan bindiga suka yi wa Shiroro da Munya da Rafi. Duk wanda ya ce a rufe ido a buga hatimi bai yi wa jihar adalci ba. Shi ma mai nema yana da nasa sakacin. Takardar haihuwarsa ta ce Ousmane da rubutun Faransanci, ta haraji ta ce Usman, katin zama ya ɗauki wata shekarar haihuwa daban. Jami'in da ke Abuja bai san shi a masallacin unguwa ba, abin da ke cikin fayil shi yake karantawa. Gyaran wannan na mai nema ne: ya je kotu ya yi takardar rantsuwa ta daidaita suna, ya sabunta izinin zama, ya tabbatar masu tsaya masa suna nan a adireshin da suka rubuta, sannan ya mayar.

Amma nauyin da ya fi girma yana kan hukuma. "Takardunka ba su cika ba" ba amsa ba ce. Wacce ce ba ta cika ba? Shaidar biyan haraji da izinin zama duk suna da wa'adi. Idan fayil ya kwana kan tebur har suka mutu, sai a sake dawo da shi kan laifin da jinkirin ofis ya haifar. Wanda aka gajiyar haka, shi ne ake raɗa wa cewa akwai hanya mai sauƙi: a samo masa takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma ta bayan fage, ya yi fasfo da ita. Ke nan tsantsenin da aka yi don tsaro ya koma yana tura mutane inda babu mai tantance su. Lambar NIN ma da wasu ke fakewa da ita ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce, baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida shi ma ana ba shi.

Matsayinmu shi ne, duk takardar da za a dawo da ita ta zo da dalili a rubuce, ɗaya bayan ɗaya, da wa'adin gyara. Wanda ya gyara cikin wa'adin ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba tare da sabon kuɗi ba. Gwamnatin Neja kuma, tunda kundi ya ɗora shaidar karɓuwa a wuyan gwamna, ta sanar da ofishin da ake zuwa a Minna, da rawar da mai unguwa da hakimi za su taka, da iyakar watannin da za a jira amsa.