Yaro ya san tankokin Jamus, bai san Mai Shahada ba



Makon jiya na dawo daga aikin dare a gajiye, sai na tarar da ɗana mai shekara tara kwance rub da ciki a kan tabarma, ya ƙura wa wani littafin Turanci ido. Kawunsa ne ya sayo masa a Kano. Kowane shafi hotuna ne masu launi: sojojin Rum da garkuwoyinsu, jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, tankar yaƙi an tsaga ta gida biyu ana nuna inda direba ke zama. Yaron da sai na yi da gaske yake buɗe littafin makaranta, ga shi ya manta da karin kumallo.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na tambaye shi wane ne Mai Shahada, sai ya ce, "Umma, ba sunan unguwa ba ne?"

To 'yar'uwa, ki ji abin da na zauna na gaya masa. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris na shekarar. Haɗeja kuwa ba a ci ta da yaƙi ba sai bayan shekara uku. A Afrilun 1906 sojojin Ingila suka zo da igwa da bindiga mai ruwa, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka gwabza har cikin gari, aka kashe shi tare da jarumansa da dama. Daga nan sunan Mai Shahada ya samo asali. Kafin shi an yi Sarki Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato shekara da shekaru, ya rasu a yaƙin ƙasar Bade a 1863. Duk wannan a ƙasar da muke noman shinkafa da kamun kifi ya faru.

Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Ina hoton?" Nan na gane inda littafin kawu ya fi ni. Yaro da ido yake fara koyo. Na duba shagunan littattafai nan garin, ban dace da mai zane irin wannan a kan yaƙin Haɗeja ba. Muna da Gandoki na Bello Kagara tun 1934, wanda ya taɓo yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, amma ƙagaggen labari ne, kuma ɗan firamare sai an karanta masa ana yi ana bayani.

Wata za ta ce, ana fama da 'yan bindiga, me ya kai mu ba yara littafin yaƙi? Na fahimce ki sarai. Sai dai ki tuna wayar da ke hannunki yanzu. Bidiyon gawarwaki na yawo a WhatsApp, yara na leƙe ta bayan kafaɗarmu, babu mai yi musu bayani. Gara littafin da za ki iya dubawa tukuna, ki rufe lokacin da kika ga dama.

Inda nake da ƙorafi da waɗannan littattafai shi ne tsabtarsu ta yi yawa. Doki na sheƙi, takobi na walƙiya, babu ƙuda ko ɗaya. Ni da nake wanke rauni na san yadda harsashi ke yi wa cinya, na san warin ciwon da ya kwana uku ba a kawo shi asibiti ba. Ba na cewa a nuna wa yaro wannan, Allah ya kiyaye. Amma in ya nuna miki sojan da ya burge shi, ki tambaye shi: wa ke jiransa a gida? Da aka kewaye gari, ina mata ke ɗebo ruwa? Wa ya yi jinyar waɗanda aka harba? Ɗana bai taɓa tunanin sojan Rum yana da uwa ba sai ranar.

Ki riƙa buɗe littafin ke kaɗai kafin ki miƙa. In yaro ƙarami ne ko mai firgita cikin barci, a bar karatun da rana, kada a kai shi shimfiɗa. 'Yan mata ma a ba su. Ƙanwarsa ta fi shi tambaya.

Hoton da ya nema kuwa, mu muka yi abinmu. Na sayo littafin zane da fensir mai launi, na tuna masa hawan Sallah: lifidi, sulke, kwalkwali, ai duk kayan yaƙi ne ya sha gani a jikin mahaya bai sani ba. Kakarsa ta ba shi abin da ta ji daga nata kakannin, ni na riƙe shekarun. Ya zana ganuwa da ƙofa, ya zana kogi da kwalekwale, ya cika gefe guda da dawakai.

Da ya kawo mini, sai na ga wata mata a ƙasan shafin riƙe da ƙwarya. Na ce wace ce wannan? Ya ce nas ce. Na ce masa a 1906 babu nas a Haɗeja. Ya ƙi gogewa. Ran Asabar in Allah ya kai mu, babansa zai kai shi ya ga kabarin Mai Shahada.