Kayan Kakanni Ba Tarkace Ba Ne

Duk ɗalibi ko ma'aikacin da ya je ƙaro ilmi birnin Oxford na ƙasar Ingila, da wuya ya komo bai leƙa gidan ajiye kayan tarihi na Pitt Rivers ba. An kafa gidan a 1884 da kayayyakin da wani janar na soja ya tara, yau kuwa abin da ke ciki ya haura rabin miliyan. Ga layu, ga ganguna, ga kwari da baka, ga makullai da fitilu daga kowace kusurwa ta duniya, an jera su cikin akwatunan gilashi, kowane iri da 'yan uwansa. Har busassun kawunan mutane daga Amurka ta Kudu an daɗe ana nunawa, sai a 2020 aka kawar da su, don an ga suna sa masu kallo su ɗauki masu su marasa wayewa.

Bamafare zai shiga wannan gida ya yi ta al'ajabi. To, amma in ya natsu zai ga da yawan abin da Bature ke tsayawa yana kallo, irinsa ne ke zube a bayan rumbun kakarsa, gara tana ci. Abin da aka rena a gida shi ne aka keɓe wa gilashi da mai gadi a can.

Ƙasar Zamfara ta riga ta ɗanɗana wannan hasara. Daga wajen 1990 zuwa gaba masu haƙa a ɓoye suka yi ta tono tsofaffin siffofin yumɓu a yankin Kwatarkwashi, dillalai suna tsallakewa da su Turai. A shekarar 2000 aka ga biyu na Nok da ɗaya irin wanda ake kira na Sakkwato a gidan Louvre na Paris. Sai a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25.

Ba sai ɓarawo ya zo ake hasarar tarihi ba. Madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978 bisa Gulbin Sakkwato, ta sake rayuwar Talata Mafara da Bakura da Maradun baki ɗaya. Tafkin ya tashi ƙauyuka a yankin Maradun, noman fadama na gargajiya ya ja baya, kuma a watan Afrilu na 1980 an rasa rayukan manoma a rikicin biyan diyya. Yaron da aka haifa bayan haka, ina zai je ya ga jigon da kakansa ya yi ban ruwa da shi, ko homa da gorar masunta? Marigayi Musa Ɗanƙwairo, wanda ya fito daga ƙasar Bakura ya yi suna a fadar Maradun, ya rasu a 1991. Kotsannin irin nasa sun cancanci wurin da ɗalibi zai tsaya ya dube su. Yanzu kuma ga 'yan bindiga suna tarwatsa ƙauyuka, mai gudun ceton rai kuwa ba ya ɗaukar tsohon takobi balle littafin kakansa na ajami.

Wasu za su ce gidan tarihi ɗakin gumaka ne. Wannan kuskure ne. Marigayi Waziri Junaidu malami ne na gaske, amma ya ƙare rayuwarsa yana tattara takardun magabata, har ga gidan tarihi da sunansa a Sakkwato. Adanawa daban, bauta daban.

Saboda haka ya kamata ƙananan hukumomin nan uku su haɗa kai da masu martaba sarakunansu, su keɓe ko da ɗaki biyu ne a Talata Mafara. Ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau da na Kwalejin Aikin Gona ta Bakura su shiga gari lokacin hutu, su karɓi kayan da yardar masu su, su rubuta sunan kowane abu, da garin da ya fito, da amfaninsa, daga bakin tsofaffi tun suna raye. Wannan bayani shi ne zai bambanta gidan ilmi da rumfar abin mamaki, domin kaya ba labari tarkace ne.

Da tsohuwar zuma ake magani. In aka yi sake, jikokin Zamfarawa sai sun nemi biza kafin su ga fartanyar kakansu.