Filin Anti Mai Karatu: Yaron Da Aka Kai Bama

Yau dai ku yi mini haƙuri, ba zancen saurayi mai mota ko kishiya mai asiri na kawo muku ba. Littafin yaƙi ne, amma wallahi ya fi wasu littattafan soyayyar sa mutum kuka.

Sunansa Burma Boy, wanda marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya fitar da Turanci a 2007. Mahaifinsa na cikin sojojin Najeriya da Turawan Ingila suka kwasa zuwa ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu don su yaƙi Japanawa. Ku tambaya a gida, wata cikinku za ta tarar kakanta ma ɗan Bama ne.

Tauraron labarin shi ne Ali Banana, yaron maƙeri, bai ko kai shekara 15 ba ya ƙara wa kansa shekaru aka ɗauke shi soja. Ga surutu, ga cika baki, kai ka ce shi kaɗai zai gama yaƙin. A 1944 ya tsinci kansa cikin rundunar Janar Wingate, masu shiga can bayan abokan gaba a tsakiyar daji. Wanda ya riƙe shi kamar ɗa shi ne Samanja Damisa.

To, ga inda zuciyata ta karye. An yi musu kwanton ɓauna, jama'a suka watse, kowa na ta kansa. Damisa ya ji raunin da ba zai tashi ba. Ba asibiti, ba mai ɗaukarsa, kuma in Japanawa suka same shi da rai, sai abin da Allah ya yi. Sai ya roƙi yaron nan ya ƙarasa shi. Ali ya yi. Daga nan ya shiga daji shi kaɗai, hankalinsa ya gushe.

Kada ku ce ai ƙage ne kawai. A watan Mayu na 1944, da sojojin wannan runduna suke janyewa daga wani sansani da suka laƙaba wa suna Blackpool, cikin ruwan sama da taɓo, kwamandansu John Masters ya ba da umarnin a harbe mutanensa 19 da suka ji mummunan rauni, don kada su faɗa hannun abokan gaba. Shi da kansa ya rubuta haka a littafin tarihin rayuwarsa. Masu ɗaukar marasa lafiyar sun gaji, kuma ana bukatar hannuwansu don waɗanda ake sa ran za su rayu.

Ni dai ra'ayina, rai na Allah ne, addininmu bai ba kowa izinin cire shi don tausayi ba, ko da mai shi ne ya roƙa. Wannan ba na tantama. Amma bakina ya yi nauyi in tsine wa Ali. Yaro ne fa, sa'an ƙannenmu da muke aike sayen kalanzir! Laifin nan na fi ɗora shi a kan manyan da suka ga fuskarsa ba ko gashin baki, suka miƙa masa bindiga don yaƙin da ba na ubansa ba.

Abu ɗaya da ya ɗan ɓata mini rai, mata ba su da wani wuri a littafin. Ina iyaye? Ina 'yan matan da aka sa wa rana, angwayen suka tafi, shiru babu ko wasiƙa? Marubutanmu mata, ga fili nan, wa za ta ɗauki alƙalami?

Ku 'yan makaranta, Turancinsa ba mai tsauri ba ne, har kalmomin Hausa za ku riƙa cin karo da su a ciki. Wadda kuma aka taɓa ba ta labarin kakanta ɗan Bama, ta rubuto mana, za mu buga a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti Mai Karatu